Abin da Goggo Ta Jera a Ƙasa

Ranar da Malam Lukmanu ya yi barci a gonar Baffa, ni ce na ɗauko furar masu gayya, don haka ba wanda zai ce mini sharri aka yi masa. Da idona na gani.

Damina ta biyu ke nan da samun mulkin kai. Baffa, wato mahaifina Maccido, ya daɗe da ajiye sandar kiwo ya zauna Darna Sabon Gari yana noma. 'Yan shanun da suka rage suna hannun ƙanwarsa Goggo Kubra, wadda ta raine ni tun ina shekara biyu da uwata ta rasu. Ni bazawara ce, ba mai yi mini dole. Amma Baffa ya ce duk mai so na sai ya kawo gayya gonarsa yadda aka saba, ya ga hannunsa a kan hauya.

Su biyu ne. Boyi ɗan canji, mai zama bakin iyaka da jakar sefa, ya zo ranar Talata da ƙarti ashirin har da makaɗi, kafin azahar sun share rabin gona. Malam Lukmanu, da ke karantarwa a zauren mahaifinsa a Illela, ya zo ranar Alhamis da abokai shida. Shi nake so, ba zan ɓoye ba. Mutum ne mai sanyin magana, ko tsawa zai yi wa akuya sai ya sassauta murya.

Kuyya biyu ya nome, wato layin shuka biyu. Biyu tak. Sai ya tsaya ya dafe ƙugu yana haki, ya ja ƙafa zuwa gindin aduwa ya zauna. Kafin in sauke ƙwarya daga kaina ya kishingiɗa, barci ya kwashe shi, rana ko tsaka ba ta yi ba. Abokansa suka sunkuyar da kai suna noma kamar ba su gani ba. Matan da suka zo kallo kuwa har da masu toshe baki da gefen zane.

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Abin da ya fi ɗaure mini kai Baffa ne. Na ɗauka zai yi faɗa, don ba ya raga wa rago. Sai ya je ya tsaya kan Malam, ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya juya ya bar gonar ko furar bai sha ba. Da na iske shi gida bai bari na zauna ba.

"Ba ki auren wanga mutum, Kaltume."

Na ce masa ni ba budurwa ba ce, zaɓi nawa ne. Ya ce haka ne, amma in na nace sai in nemi wani waliyyi, shi dai ba da bakinsa ba. Ya ƙara da cewa mutanen Boyi za su zo jin amsa Juma'a ta sama. Na tambaye shi dalili, na ce ai barci ba zunubi ba ne. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Ranar Lahadi muka tafi kasuwar Illela da nono, ni da Goggo. Kamar kullum ita ta ɗauki babbar ƙwarya ta bar mini ƙarama, kamar kullum kuma muka tsaya gindin tsamiyar da ke rabin hanya na huta. Goggo ba ta taɓa yi mini gorin wannan hutun ba, tsohon mijina Dabo ne ya mayar da shi waƙa. Wai ba na gama dakan turmi ɗaya sai na zauna sau uku. Da ɗana Halliru ya rasu yana shekara biyu, ko tsayuwa bai fara ba, Dabo ya yi ta lallashina yana cewa nufin Allah ne, ashe ya riga ya sa an rubuta takardata tana cikin aljihunsa. Kwana arba'in yana yi mini murmushi da ita a jikinsa. Tun daga nan na tsani abin ɓoye, ko ɗan ƙanƙane ne.

Boyi kuwa ya san haka, munafuki. Muna ajiye ƙware sai ga shi a kan sabon kekensa, yana ta kaɗa ƙararrawa don a san ya iso. Ya gaida Goggo har ƙasa, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya, wai shi ba ya son shiga tsakanin mutane, tausayina ne kawai yake ji.

Ya ce in lura da idon Malam, kullum rabi a rufe. In lura da tafiyarsa, yana yi yana dafa bango. Shi da ke zaune bakin iyaka ya san irin mutanen da ke ƙetarawa Kwanni su sha abin da suka sha su dawo da irin wannan idon. Na ce ƙarya yake, ɗan malamai ne. Sai ya yi 'yar dariya.

"To ki tambaye shi mi yake yi gidan da ke bayan kara, can wajen masu sayar da shanu, kullum bayan azahar. Mace ce a ciki, kuma babu miji."

Ya hau kekensa ya bar ni da nono a gaba da wuta a ciki.

Na so in ƙaryata shi, amma sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Malam bai taɓa daɗewa wurin zance ba. Bai taɓa raka ni ko bakin gari ba, kullum da uzuri. In zai dube ni sai ya ɗaga haɓa sama yana kallona ta ƙasan ido, ni kuma wawiya ina ce kunya ce irin ta malamai. Sau biyu na ce masa ko ba shi da lafiya, ya ce lafiyarsa lau. To in lafiyarka lau, me ke cinye maka ƙarfi har ka kasa kuyya uku? Ina auna wa mata nono ina kuskure, har wata ta ce ko ba ni son ciniki yau.

Da aka sauko daga azahar na ce wa Goggo zan je bayan kara. Ta dube ni ta dubi ƙwaren da ba mu gama sayarwa ba, ta ce ba ta barina in tafi ni kaɗai. Muka bar kayan wurin wata mai fura muka laɓe a inuwar wani shago.

Ba mu daɗe ba sai ga Malam. Yana tafe a hankali, ya yi taku kamar ashirin ya tsaya ya dafa katanga. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya shige wani ɗan gida mai darnin kara. Waigen nan shi ya ƙarasa ni. Mai gaskiya me zai sa shi waige?

Ban yi sallama ba, Allah na tuba. Na ture ƙyauren na faɗa.

Na iske shi bakin rijiya, ya cire babbar riga, yana jan guga da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Gugan ma rabi ne. A ƙofar ɗaki kuwa mace ce kwance kan tabarma, ramammiya, an tokare mata baya da buhu. Da ta ji motsi sai ta sa yatsa ta ɗaga fatar idonta don ta gan ni. Fuskarta da tasa kamar an tsaga kara.

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa, guga ya koma rijiya.

"Yayata ce," in ji shi. "Fadimatu."

Ya zauna nan bakin rijiyar. Ya ce shekara uku ke nan mijinta ya sallame ta, wai ya gaji da ciyar da mai kwanciya. Ta ƙi komawa babban gida saboda bakin mutane, shi ne ya samar mata nan, kullum yana zuwa ya ja mata ruwa ya hura mata wuta. Guga huɗu ne, amma sai ya kai la'asar yana yi yana hutawa.

Na tambaye shi wane ciwo ne. Ya ce ba shi da suna. Gajiya ce kawai, wadda barci ba ya maganinta. Mutum ya kwana ya tashi kamar wanda ya yini yana sussuka. Tana farawa da ƙafa, ta hau cinya, ta sauko da fatar ido, wani har ta taɓa masa ji. Haka mahaifiyarsu Hadijatu ta yi har ta cika, haka ƙanensu Ma'aruf. An sha rubutu, an yi turare, har Sakkwato ya je asibiti, likita ya auna jininsa ya ce bai ga komai ba. Shi ya sa mutane ke cewa lalaci ne, wasu su ce sammu, wasu su faɗi abin da Boyi ya faɗa.

Kai, ni a lokacin ba tausayi ne ya fara zo mini ba. Haushi ne.

"Sau biyu na tambaye ka, Malam. Sau biyu ka dubi idona ka ce lafiya lau."

"Tsoro na ji, Kaltume."

"Tsoron mi? Ka bari na tsaya gaban Baffa ina musu dominka. Ka bari mata sunka yi mini dariya a gona. Yau tun safe nake zarginka da giya da mace, ina cin raina, kai kana nan kana jan guga. Da ka faɗa mini, da ni zan ja maka shi."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ce ya san ya zalunce ni. Ya je gayyar ne yana roƙon Allah ya ara masa ƙarfin yini ɗaya, bai samu ba. Tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba, kuma ya riga ya yanke shawara zai aika wa Baffa cewa ya janye.

"Ɗiyan Yaya biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya ba ya ji. Kin riga kin rufe ɗa ɗaya. Ba ni zama sanadin ki rufe na biyu. Ki auri Boyi, shi ko ba komai lafiyayye ne."

Na ce masa ba shi zai zaɓa mini miji ba, kuma wanda ya ɓoye abu irin wannan ban ga abin da ba zai ɓoye ba. Ina faɗa ina kuka, shi yana kuka, Fadimatu ma daga kwance tana ba ni haƙuri da 'yar muryarta.

Duk wannan Goggo tana tsugune gefe. Sai ta tashi ta tsinto tsakuwa cike da hannu, ta ɓalle karan darni ta kakkarya, ta zo ta share ƙasa da tafin hannu a gaban Fadimatu.

Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma shekara arba'in tana bin shanu. In aibi ya ɓulla a garke, Bafulatani ba ya tsayawa kuka, zama yake ya bi asalin kowace saniya, wa ta haife ta, wa ta haifi uwarta, har ya gano ta inda abin ya shigo. Ta ce tsakuwa mace ce, kara namiji, Fadimatu ta faɗa mata kowa.

Aka fara daga kakarsu Hajo ta Tozai, wadda ita ma an ce da zaune ta ƙare rayuwarta. Goggo ta ajiye tsakuwa. Hajo ta haifi Hadijatu da Kawu Maharazu, duka biyun suna da gajiyar. Tsakuwa ɗaya, kara ɗaya. Ƙarƙashin Hadijatu ta jera Fadimatu da Malam da marigayi Ma'aruf. Duk wanda aka ce yana da abin sai ta danna shi cikin ƙasa da babban yatsa.

Sannan ta tambayi ɗiyan Kawu Maharazu. Fadimatu ta ce goma sha ɗaya ne, suna Tozai, ƙarti ne kamar shanun huɗa, jikokinsa ma haka. Goggo ta sa ta ambace su ɗaya ɗaya, ba ta danna ko ɗaya ba. Ta tambayi na Ma'aruf. Biyu ya bari, suna nan suna hawan bishiya.

Goggo ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ɗago.

"Modibbo, dubi nan da kyau. Duk wanda na danna, mace ta haife shi daga wanga gida. Ɗiyan maza ko ɗaya bai taɓu ba. Abin nan uwa yake bi. Kai ka karɓa, amma ba ka ba kowa."

Malam ya rarrafo ya ɗaga haɓa yana bin jerin da yatsa, ya bi ya sake bi. Ni kuwa wani sanyi ya sauko mini tun daga kai har ƙafa, haushin nan duk na neme shi na rasa. Fadimatu tana ta hamdala.

Da Goggo ta tsaya nan, da mun koma gida da murna. Amma mai bin asali ba ya barin reshe. Ta tambaya ko Hajo tana da 'yan'uwa mata. Fadimatu ta yi tunani ta ce akwai ƙanwa ɗaya, Dije, an kai ta aure can ƙasar Adar tun ba a haife su ba. An ce ɗiya ɗaya ta haifa, daga nan labari ya yanke.

Tsakuwar da ke hannun Goggo ta faɗi.

Ta miƙe tsaye ta ce rana ta yi, ƙwarenmu na hannun mutane. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta ja hannuna. A kasuwa ta zubar wa mai fura sauran nonon a araha, abin da ba ta taɓa yi ba. Muka kama hanyar Darna tana gaba ina baya, ita da ba ta rufe baki a hanya yau ko tari babu.

Zargin da na yini ina yi wa Malam sai ya juya kanta. Da muka kai tsamiya na zauna, don cinyoyina sun fara yi mini nauyin da suka saba. Na ɗaga kai na ga Goggo tana kallona irin kallon da Baffa ya yi wa Malam a gindin aduwa.

"Goggo, wace ce Dije?"

Ta ce in tashi mu tafi. Na ce ba inda za ni. Na rantse mata ko magariba za ta same ni nan sai ta faɗa. Sai ta sauke ƙwarya ta zauna kusa da ni ta fashe da kuka, tsohuwar da ko ranar da muka rufe Halliru ban ga hawayenta ba.

Ta ce a Adar Baffa ya auri uwata lokacin yana yawon kiwo, Rabi ɗiyar Dije ake ce mata. Ba zazzaɓi ya kashe ta ba kamar yadda aka faɗa mini. A hankali ta narke, daka ya gagare ta, tatsa ta gagare ta, ido ya sauko. Baffa bai san asalin su Malam ba, fuskar Rabi kawai ya gani a tasa a gindin aduwa, ya ji tsoron a haɗa gajiya biyu a ɗaki ɗaya. Ita kuma tun ina 'yar shekara sha biyar ta lura da ni, shi ya sa take ɗaukar babbar ƙwarya.

Na ce, "Halliru fa?"

Sai ta kama hannuna ta matse.

Na zauna ina kallon ƙafafuna. Shekara da shekaru ina jin haushin Dabo don ya ce mini raguwa, ina ce wa kaina kowace mace ma tana gajiya.

Goggo ta share ido ta matso ta rage murya, ko da yake ba kowa a hanyar sai mu. Ta ce ita za ta shawo kan Baffa, in auri Malam tunda shi nake so. Amma maganar Dije ta mutu a gindin tsamiyar nan.

"Ba wanda ya sani sai ni da Maccido. In Allah ya ba ku ɗa ya zo da rauni, duk Illela ta san ciwon gidansu. Ba mai duban ki, ɗiyata."

Na gane abin da take nufi sarai. Ƙauna ce ta sa ta faɗa, na sani. Sai na tuna mutumin nan a bakin rijiya da rabin guga, yana cewa ba ya zama sanadin in rufe ɗa na biyu. Wato in bar shi ya ɗauki gawar ɗansa yana ce wa kansa shi ya kashe shi, ni ina gefe ina ba shi haƙuri, da takardata a aljihu kamar Dabo.

Na miƙe na juya wajen Illela. Goggo ta yi kira, ta haɗa ni da Allah, daga baya na ji takunta a bayana. Sau uku na zauna a hanya kafin in kai bayan kara, rana ta yi ja.

Wannan karon na yi sallama. Yana zaune kan tabarma kusa da yayarsa, jerin Goggo na nan a ƙasa ba wanda ya taɓa, har ya kewaye shi da toka don kada kaji su watsa. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya fara cewa gobe zai je Tozai ya ga Kawu Maharazu da idonsa.

Ban bari ya ƙarasa ba. Na tsuguna na ɗauki tsakuwar da ta faɗi daga hannun Goggo na ajiye kusa da ta Hajo.

"Wagga Dije ce." Na sa wata ƙarƙashinta. "Wagga ɗiyarta Rabi, uwata." Na sa ta uku. "Wagga ni ce."

Na karya ɗan guntun kara, ƙarami, na ajiye a ƙarshe, na ce Halliru. Sannan na bi su duka na danna cikin ƙasa da yatsana.

Fadimatu ta ɗaga fatar idonta da yatsa tana kallona. Na ce masa ɗazu na zage shi a kan ɓoyo, to ga nawa, ban kwana da shi ba. Ɗiyansa lafiya za su zo in ya auri wata. In ni ce, Allah kaɗai ya sani. Yanzu shi ne mai janyewa da hujja, kuma ba zan riƙe shi a zuciya ba.

Ya daɗe yana kallon ɗan guntun karan nan.

"Ranar Alhamis Kawu zai je wurin Baffa," in ji shi, "kafin mutanen Boyi."

"Malam, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ko wa kinka aura, da ciwon nan za ki shiga gidansa. A gidana dai ba wanda zai ce miki raguwa, don mun san sunan kowane taku."

Ƙafafuna na rawa, ya gani, don ya san irin rawar. Sai ya matsa gefe ya bar mini rabin tabarmar.

"Zauna, Kaltume. Kin gaji."

Na zauna. Goggo da ke tsaye bakin ƙyaure ta ajiye ƙwaryarta, ta naɗe zane, ta je neman abin da za ta ciro gugan daga rijiya.